Wankan Babban Limami

Fernando Botero, mai zanen nan ɗan Medellín ta ƙasar Kolombiya, ya rasu a 2023 yana nan kan bakansa cewa shi fa bai taɓa zana masu ƙiba ba, cikar jiki kawai yake zanawa. To, mun ji.

Dubi zanensa na banɗakin fadar Fafaroma. Wani babban limamin Katolika ne ya shige bahon wanka da jajayen kayansa, ya cika shi taf, fuskar nan a ɗaure tamau kamar yana tsakiyar huɗuba. Ga wani ɗan ƙaramin Fada tsaye riƙe da tawul, cikin ladabi. Shi nake tausaya wa, bawan Allah: idan maigida ya fito, kayan zai fara gogewa ko mai kayan?