Kowa da Irin Cefanensa: Mutanen da Kullen Korona Ya Tona a Legas

A daren Lahadi, 29 ga Maris 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya fito a talabijin ya sanar cewa daga ƙarfe goma sha ɗaya na daren Litinin za a kulle Legas da Ogun da Abuja na mako biyu. Wato birnin da ya fi kowane birni a Najeriya yawan bakin ci an ba shi wuni ɗaya tak ya yi cefanen kwana goma sha huɗu. Wata guda ke nan da gano mai cutar Korona na farko, wani ɗan Italiya da aka kwantar a asibitin Yaba, nan maƙwabtanmu mu mutanen Ebute Metta.

A wasu ƙasashen tishun banɗaki ne ya yi ƙamfa. An ga mata suna dambe a kansa cikin kanti a Ostireliya, a Hong Kong kuma 'yan fashi da wuƙa suka tare mai kawo shi. Mu da Allah ya rufa wa asiri da buta sai dai mu kalla a waya mu yi dariya. Namu rashin daban ne. Kaya suna nan a Oyingbo da Iddo da Mile 12. Kuɗin saye da lokacin saye ne suka yi wuya, domin an ƙayyade wa kasuwannin abinci daga goma na safe zuwa biyu na rana, kuma ba kullum ba. Cikin awa huɗun nan halin kowa ya fito fili. Ga su nan, kowa ya duba ya ga nasa.

Alhaji Kwashe-Duka

Tun kafin a gama jawabi ya kira direba. Asubar Litinin yana Daleko, kasuwar shinkafa ta Mushin. Kafin azahar ya leƙa mayankar Oko-Oba a Agege an yanka masa raguna biyu, ya biya Mile 12 ya ɗauko kwandon tumatir da buhun albasa da attarugu kamar mai shirin aurar da 'ya'ya uku rana ɗaya. Abu guda ya manta a lissafinsa: firiza da wuta take aiki, wuta kuwa ba ta saurari jawabin shugaban ƙasa ba. Kwana uku janareta yana kuka, rana ta huɗu ya yi shiru, mai gyara kuma yana kulle a ɗakinsa a Ajegunle. Rana ta biyar sai ga Alhaji ya zama mai hannun kyauta. Yara suna zagaya maƙwabta da ledojin nama: "Wai in ji Baba ga wannan, amma a dafa yau-yau." Hajiya ta kwana tana tafasa tumatir a tukunyar biki. Har gobe idan aka tuna kulle cewa yake, "Ai mu mun taimaki jama'a." Allah ya karɓa, amma ladan a raba shi da masu ɗauke wuta.

Likitan WhatsApp

Wannan tsohon hannu ne. Shi ne a watan Agustan 2014, lokacin Ebola, ya tashi iyalinsa da tsakar dare su yi wanka da ruwan gishiri. Da Korona ta zo sai ya samu ƙarin girma. Kullum da sabon magani, kuma kowanne "wani babban likita ne a Chana ya faɗa." Yau citta da tafarnuwa, gobe lemun tsami da kanumfari da zuma, jibi habbatus-sauda da sirace cikin bargo. Shi da ire-irensa suka sa mai teburin kayan yaji ya fara ƙirga tafarnuwa ƙwaya-ƙwaya. Da Donald Trump ya yabi kulorokwin a watan Maris, likitanmu ya bi kemis-kemis na Apapa Road ya kwashe abin da ya samu. A wancan makon hukumomin lafiya na Legas suka sanar cewa an kwantar da waɗanda suka ɗirki maganin fiye da ƙima. Da shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya fito da tsiminsa a watan Afrilu, likitanmu ya ce ai tazargade ce, ya buga waya Kano a saƙo masa ita a motar albasa. Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba, shi ne sabulu da ruwa. Sun yi masa araha da yawa.

Malam Babu-Korona

"Kai ka taɓa ganin gawar Korona da idonka?" Da wannan yake buɗe hira. A wurinsa ciwo ne na masu hawa jirgin sama, mutanen Ikoyi da Lekki, in ma ba kwangila ba ce kawai. Takunkuminsa a haɓa yake kwana, ba ya hawa hanci sai an hango motar 'yan sanda. To amma je ka rumfarsa a kasuwar White Sand ka tambayi derikar wake.

"Ya tashi, Malam."

"Me ya tashe shi?"

"Haba! Ba ka san ana Korona ba?"

Cutar ba ta kama ɗan Adam a wurinsa, amma tana kama wake da gero da busasshen kifi, har da kuka da daddawa. A yi masa adalci: an bar motocin abinci su riƙa wucewa, amma shingayen jami'ai tsakanin Kano da Legas sun yi yawa, kuma kowane shinge da abin da yake ci, ga iyakokin ƙasa a rufe tun Agustan 2019, shinkafa ta riga ta hau. Sai dai buhun da ke ƙarƙashin teburinsa tun Janairu ya iso, bai ga shinge ko ɗaya na Korona ba. Ƙanensa ma, wanda da cajar waya yake sayarwa a bakin tasha, cikin kwana biyu ya zama mai kamfanin man wanke hannu. Ka shafa, ka wuni kana ƙamshin turaren ɗan goma.

Maigida Ɗan Koyo

Shekara da shekaru yana ajiye kuɗin cefane a kan talabijin ya fita, da dare ya yi ƙorafin miya ba nama. Kulle ya zaunar da shi, uwargida ta miƙa masa jaka da takarda: "Tunda kana gida, Baban Ummi, yau kai za ka je." Ya shiga Oyingbo da shadda mai guga da takalmi sau-ciki. Iya mai barkono ta dube shi sama da ƙasa sau ɗaya, farashi ya ƙaru da kansa. Bai yi tayi ba, wai kada a raina shi. Bai nemi gyara ba, don bai san ana nema ba. Tattasai da attarugu duk barkono ne a idonsa. Ga shi tsaye tsakiyar hanya, masu baro suna ture shi, waya a kunne.

"Kin rubuta manja, amma iri biyu nake gani."

"Ɗanɗana mana."

"In lashi manja a tsakiyar kasuwa?"

Biyu saura kwata aka fara kora. Ya fito da rabin abin da ke takarda, da kifin da idonsa ya riga ya faɗa, da wata ƙatuwar doya da ba a aike shi ba, aljihu wayam, ɗan dako na binsa kuɗinsa. A gida uwargida ba ta yi faɗa ba. Ta juye jakar a faranti a gabansa, ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Ina canji?" Tambayar da ya daɗe yana yi mata ke nan. A wancan watan aka ƙara kuɗin cefane ba tare da an kira taron dangi ba.

Mai Ledar Izini

Ya lura jami'an tsaro suna ɗaga wa mai cefane ƙafa, sai ya samu baƙar leda ya jefa albasa biyu da magi uku. Da ita ya ratsa Borno Way, ya bi Kano Street, ya zauna majalisa, har ya taka Idi-Araba gaishe da budurwa. A kowane shinge amsa ɗaya ce: "Cefane ne, ranka ya daɗe, iyali ba su ci ba." Ba shi da iyali. Sai da albasar ta yi tsiro wani kurtu ɗan Arewa ya gane shi: "Ɗan'uwa, albasar nan taka har yau ba ta isa gida ba?" Ranar ya yi tsallen kwaɗo da leda a hannu.

Gwauro

Ba tukunya, ba risho, ba ko ludayi. Safiya wurin mai shayi, rana wurin mai abincin tasha, dare wurin mai tsire. Da aka ce za a kulle gari ya yi dabara ya sayi katan ɗin Indomie, sai da ya kai ɗaki ya tuna ba shi da wuta. Mako biyu yana kan burodin Agege da ruwan leda, aka ƙara wasu biyun. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, masallatai a rufe, babu kunu da ƙosan sadaka da ya saba buɗa baki da su. Nan take ya koyi ladabin da ba a san shi da shi ba: "Anti, sannu da aiki, ko akwai ruwan da za a ɗebo?" Ana buɗe hanyar Arewa ya aika gida a nema masa mata.

Uwar A-San-Mini

Ba ta taka kasuwa ba har aka gama kulle, amma tukunyarta ba ta sauka daga wuta ba. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere suna kallon juna, ita kuma Allah ya ba ta yara da kofi. Ɗaki na farko gishiri, na biyu manja, na uku "'yar albasa ko rabi ce," na huɗu garwashi. In miya ta nuna takan aika wa kowa ɗanɗano, don a san gobe ma yaron zai dawo.

Mai Jiran Tallafi

Da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ce za a raba abinci ga gidaje 200,000 a zagayen farko, wannan bawan Allah ya rubuta sunansa a wurin shugaban unguwa, da masallaci, da ofishin jam'iyya, da fadar Sarkin Hausawa, ya haɗa da sunan kakarsa da ta daɗe da rasuwa. Ranar da tallafi ya iso, 'yar jaka ce ta shinkafa da wake da garin rogo aka ce ta gidan duka ce. Da gwangwanin madara aka raba, kuma taron rabon ya fi girkin daɗewa. Tun daga nan yake rantsuwa cewa abincin yana nan an ɓoye, ana ce masa yunwa ce ke sa shi sambatu. Ranar 22 ga Oktoba 2020, cikin hargitsin da ya biyo bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa wani rumbun ajiya a Mazamaza suka tarar da kayan tallafin Korona jibge, gwamnati kuma ta ce ai ana cikin rabawa ne. Shi kaɗai ne cikin jerin nan ya samu abin cewa "ban faɗa muku ba?" Sai dai kafin ya samu mota ya isa, ko ledar taliya ba ta rage ba.

Mai Shago

Akwai waɗanda ba su yi rububin sayayya ba don ba su da abin rububin: 'yan ga-ruwa, masu dako, masu gyaran takalmi, da 'yan acaɓar da tun 1 ga Fabrairu aka hana su aiki a wannan yanki namu. Masu hannu-baka-hannu-ƙwarya ke nan, kuma su ne suka fi yawa. Wanda ya riƙe su shi ne mai ɗan shagon bakin layi, da tsohon littafinsa na makaranta da biro ɗaure da zare. Kalma ɗaya yake ji daga safe zuwa dare: "Rubuta." Ya rubuta sukarin hamsin, ya rubuta madarar leda, ya karya taliya gida biyu don kuɗin mutum rabi suka kai. Da aka shiga dararen Afrilu na fargabar 'yan daban One Million Boys, maza suna ƙona taya suna gadin layi har asuba, daga shagonsa ganyen shayi ya fito, shi ma a rubuce. Yakan yi mita, yakan rantse daga yau ya daina, gobe ya sake buɗe littafin. Ba a nuna shi a talabijin ba, ba a buga sunansa a jikin buhu ba.

Ranar 4 ga Mayu aka sassauta kulle, jama'a suka yi dafifi a ƙofar bankuna. Da yawa da kuɗi suka shigo hannu sai suka canza layin da suke bi zuwa gida, wasu ma suka koma sayayya shagon gaba. Littafin yana nan, kuma biro ba ya mantuwa. Mai karatu, in ka san sunanka yana ciki, ka je ka biya mutumin nan haƙƙinsa, ka haɗa masa da godiya.