Ranar da Na Cinna wa Farisa Wuta a Tambuwal

Uwargida ce ta rantse 'yan'uwanta ba za su taso tun daga Kebbe su zauna kan yagaggiyar ledar falonmu ba, sai na nufi kasuwar Tambuwal neman darduma. Ta Farisa nake so, saƙar hannu, irin wadda ake ƙullawa zare-zare a Tabriz da Kashan na ƙasar Iran, a shafe watanni kan guda ɗaya. Na kuwa sha karatun abin. Ta gaske in ka juya bayanta za ka ga zanen ya fito raɗau, ƙulle-ƙullen ba su daidaita sak ba, gezar bakinta kuma daga jikin saƙar take, ba ɗinka ta aka yi ba. Sai babban gwaji: gashin tumaki in ya ji wuta ƙaurin gashi yake yi wutar ta mutu da kanta, zaren roba kuwa narkewa yake.

Alhaji mai shago ya warware mini wata ja mai furanni, ya ce daga Dubai ya ɗauko ta da hannunsa. Na ce a tsinko mini zare ɗaya in gwada. Ya ce ba a tsinkar masa kaya. Na ce to, a jikinta ma ya yi. Na durƙusa, na ƙyasta ashana, na ɗan kai ta bakin geza.

Jama'a, hunturu ake yi.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin abin daki-daki. Wutar ta ɗan tsaya kamar mai shawara. Ni ma na tsaya, hanci a buɗe, ina jiran ƙaurin gashi in yi wa Alhaji bayani. Sai iska ta kaɗo, wuta ta bi geza fuuu, warin ƙonanniyar leda ya cika rumfa. Na miƙe na taka wurin da silifas. Silifas ɗin ma na roba ne. Na ɗaga ƙafa, darduma ta biyo ni. Na sauke, ta sauka. Na sake ɗagawa, wasu baƙaƙen zarurruka suka miƙe tsakanin takalmina da Farisa kamar ana jan alewa. Ga ni tsaye da ƙafa ɗaya, babbar riga a tattare, karan ashana yana hannuna yana hayaƙi, Alhaji yana ta salati, 'yan acaɓa sun kashe babura sun zo kallo.

Nan ne wani dattijo mai jiran motar Kebbe ya matso, goro a kunci, ya duba ɓarnar a tsanake.

"Yaro, mi kaka yi haka? Dardumag ƙwarai ba da wuta aka gane ta ba."

Na ce, "Baba, da me ake ganewa?" Ƙafata fa tana sama.

"Kwantawa aka yi bisa. In ka yi mahwalkin Makka, ta ƙwarai ta. In ka yi mahwalkin bashi, ka maishe ta."

Na ce ai yanzu ta riga ta ƙone. Ya ce wannan ba komai, in samu ruwan kanwa in yayyafa, gezar za ta tsiro. Wani ya tambaye shi ko ya taɓa gani. Ya ce bai taɓa ba, amma kanwa ba ta ɓata abu. Ya ƙara da cewa su can Kebbe tabarmar kaba suke shimfiɗa wa ko hakimi, kuma ba su taɓa jin wanda ya ƙyasta mata ashana don ya san kaba ce ba.

Da aka ɓamɓare silifas aka juya dardumar, sai ga 'yar takarda manne a bayanta: Turkiyya. Na nuna wa Alhaji da sauran ƙarfin halin da ya rage mini. Ko gezau bai yi ba.

"Malam, Turkiyya da Iran ai iyaka ɗaya gare su. Kuma wanda ya ƙona shi ya saya."

Na ƙirga kuɗin da ya isa sayen tunkiya na miƙa. Ana ɗaure mini dardumar a bayan babur, dattijon ya sake leƙowa ta tagar mota.

"Yaro! In baƙi sun zo, kai ka zamna bisa wurin. Kak ka tashi har su tahi."