Masu Sanda da Halinsu

Sandar sunuka irin ta Amurka, wadda ake buga ƙwallaye masu lamba da ita, tsawonta inci 58 ne, nauyinta ya ɗan haura rabin kilo. Amma duk ƙurar da ake tayarwa a kanta ba ta wuce wajen inci 12 na ɓangaren gindi ba, inda hannu yake kamawa. Nan ake naɗa zaren lilin ko a manna fata, don kada gumi ya sa ta zame. Abin da fatar take buƙata bai taka kara ya karya ba: hannu mai tsabta, busasshen tsumma bayan an tashi wasa, sai ɗan ɗigon man gyaran fata idan hunturu ya busar da ita. To, ɗan Adam ba ya son aikin da ba a ganin wahalarsa, shi ya sa kowane gidan sunuka yake da nasa gwanayen.

Na gaba-gaba shi ne Sarkin Mai. Wannan bawan Allah ya taɓa ji an ce fata tana son mai, bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ranar Litinin man kaɗanya, Laraba basilin, Juma'a kuma, da yake babbar rana ce, man zaitun. Akwai wanda ya kai ga man goge takalmi, ya tashi wasa da baƙin tafin hannu, ya je ɗaurin aure yana gaisawa da mutane a haka. Abin da Sarkin Mai bai sani ba, fatar mariƙi ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma gam ne kawai ya riƙe ta a jikin katako. Mai idan ya yi yawa ratsa ta yake yi ya isa ga gam ɗin ya sassauta shi, sai bakin haɗin da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa ya fara ɗagowa. Kafin a kai nan ma sandar ta zama tarwaɗa a hannunsa. Ya saita bugun farko, ya ja baya ya sako da ƙarfi, farar ƙwallo ta tsaya inda take, sanda ta yi gaba ta samu mai shayi. Ka ce masa, "Yallaɓai, anya man nan bai yi yawa ba?" Sai ya juya sandar a ƙarƙashin fitila, ya ce, "Kai dai dubi ƙyalli." Ƙyalli kam akwai shi, ba mai musu. Ƙwallo ce dai ba ta shiga rami don ƙyalli.

Abokin gabarsa na har abada shi ne Mai Wanki. Shi ba ya shiri da maiƙo ko ɗigo ɗaya. Omo, ruwan zafi, buroshin haƙori, kuma tun zamanin korona ya samu sabon makami, wato sanitaiza. Sinadarin barasar da ke cikinta yana kwashe rini ya tsotse ɗan man da majemi ya bari a fata, sai ta yi fari-fari, ta bushe, ta tsattsage. Idan ya gama wankin sai ya shanya ta a rana don ta yi saurin bushewa. Waɗannan biyun ba sa zama benci ɗaya. Kowannensu yana kallon sandar ɗaya yana girgiza kai, kuma duka biyun suna da gaskiya.

Sai Mai Tsire, wanda bai taɓa goge mariƙinsa ba tun ranar da ya saye shi, kuma alfahari yake da haka. Hannun hagu na riƙe da tsinke, na dama na riƙe da sanda, idan zai buga sai ya yi musaya. Ƙuli, yaji, man gyaɗa da gumin shekaru sun haɗu sun yi wa fatar wata baƙar riga mai danƙo. Shi a wurinsa sa'arsa ce ta taru a nan, ranar da aka goge ta ya daina ci. Mun yi bincike, ba a samu wanda ya tuna ranar da ya taɓa ci ba.

Ɗan Hoda shi ma nan kusa yake. Yana barbaɗa hodar jarirai a hannu har gwiwa, hodar ta gamu da gumi ta zama kunu, kunun ya shige ramukan zanen fata ya daskare. Ga allin kan sanda kuma da yake murzawa da yatsu sannan ya kama mariƙi. Wannan shuɗin alli ba irin na makaranta ba ne. Tun 1897 da William Spinks da William Hoskins suka yi rajistar haɗinsa a Amurka, garin silika ne da wani sinadari mai kaushi, an yi shi ne don ya ciji ƙwallo. Abin da yake cizon ƙwallo kuwa ba zai ƙyale fata ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhajin But. Ya sayi sanda mai tsada, fatarta mai zanen bayan ƙadangare (fatar saniya ce aka danna wa zane, amma kada ka gaya masa), ya saya mata jaka mai zif uku, sannan ya mai da but ɗin mota ɗakinta. Rana ta watan Afrilu ta gasa ta tun hantsi har la'asar, gam ya yi laushi, katako ya fara lanƙwasa. Damina ta zo, danshi ya shiga jaka, fumfuna ta yi wa fatar fure. Idan ya mirgina sandar a kan tebur aka ga kanta yana ɗagawa yana sauka, sai ya kira yaron gidan. "Kai yaro, teburin nan naku ya karkace." Yaro ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," don Alhaji ne yake biyan kuɗin wasan kowa.

Malamin Tarihi ba ya cutar da fata, kunnuwa yake cutarwa. Ka tambaye shi tsumma, ya ba ka labarin François Mingaud, hafsan sojan Faransa da ake cewa a kurkuku ya ƙirƙiro ɗan guntun fatar da ake liƙawa a kan sanda a farkon ƙarni na 19, har ya wallafa littafin dabarun bugu a 1827. Kafin ka yi numfashi ya tsallaka New York wurin George Balabushka, maƙerin sandunan da ya rasu a 1975, wanda fim ɗin The Color of Money na 1986 ya ƙara wa suna. Zai gaya maka yawancin sandunan Balabushka da lilin aka naɗe su, lilin ɗin ma asalinsa zaren kamun kifi ne. Duk gaskiya ne, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Matsalar ita ce layinsa ne ya buga tun ɗazu, mutum huɗu suna jira, kuma idan ya sunkuya a ƙarshe farar ƙwallo yake jefawa rami.

Yana da ɗan'uwa, Bature Ba Fata, mai kallon sunukar Ingila ta jajayen ƙwallo 15 a talabijin. Shi raina mariƙin ma yake yi gaba ɗaya. Ai gwanayen gaske katako tsirara suke riƙewa, in ji shi, Stephen Hendry da sandar fam 40 ya ci kofin duniya sau bakwai, har ta karye a cikin kayan jirgin sama a 2003. Da wannan hujja ya sa reza ya feɗe fatar tasa sandar, ya bar kwarin da aka sassaƙa mata a fili, gefen yana yankar masa hannu.

Ɗan Kishin Gida kuwa ina tare da shi rabin hanya. Hujjarsa mai ƙarfi ce: fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema suke jemewa da bagaruwa, ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Don me za a aika ƙasar waje neman inci 12? Sai ya ɗauki sanda ya nufi Ƙofar Wambai wurin dukawa. Da ya bar baduku ya yi aikinsa, ya fefe fatar ta yi siriri daidai zurfin kwarin, ya haɗa bakin ba tudu, da an samu mariƙi na nuna wa sa'a. Amma ina. Ya ce a sa kore a tsakiya, a yi ɗinkin ado, a rataya tuntu a gindi. Yanzu duk bugun da ya yi tuntun sai ya share ƙwallo ɗaya a bayansa, kuma ana nan ana gardama ko wannan laifi ne a dokar wasa.

Injiniyan Salatif ba sai an daɗe a kansa ba. Baki ya ɗago, ya ɗiga sufa gulu, wurin ya ƙandare ya yi fari, ya rufe da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Bayan wata ɗaya salatif ɗin ya fi fatar yawa.

A kowane gida kuma akwai mutum ɗaya, yawanci dattijo, da yake wanke hannu kafin ya fara, ya goge mariƙi da tsummansa idan ya gama, ya mai da sanda jaka ya tsayar da ita a inuwar ɗaki. Fatar sandarsa ta yi shekaru tana nan lumui. Shi ne abincin Mai Aro. Mai Aro bai taɓa sayen ko alli ba, amma ya san sandar kowa da nauyinta, kuma ba ya aron ta banza. Yana gama cin awara zai goge hannu a wando, ya matso. "Baba, a taimaka min da ita, wasa ɗaya tak." Wasa ɗaya ya zama biyar. Tsakanin bugu da bugu ya dogara a kanta, ya buga gindinta a siminti idan ya ci, ya jingina ta da bango idan waya ta shigo. Sai an kira isha'i zai dawo da ita, mariƙi ya yi jiƙe-jiƙe, yana ƙanshin yaji. Ya miƙa wa dattijo yana yamutsa fuska.

"Baba, gaskiya fatar nan taka tana santsi, ita ta kayar da ni. Ka ɗan riƙa kula da ita mana. Gobe ƙarfe nawa za ka fito?"