Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Babur

Zuwa ga Mai Girma Babur,
Dokin ƙarfe, gagara-rami, uban tafiyar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka da iska a taya, da mai a tanki ko da na kwalba ɗaya ne. A miƙa min gaisuwa ga 'yan gidanku: Boxer da ya zo mana daga Indiya, da Jincheng mutumin ƙasar Sin, da ƙananan 'yan roba-roba masu kai yara makaranta. In ka tambayi lafiyata, sai godiya, ban da ƙugu, kai kuwa ka fi kowa sanin abin da ya same shi.

Na so in kawo maka saƙon nan hannu da hannu, to amma ba ka da ofis, ba ka da masinja, ba ka zama wuri ɗaya. Mai nemanka da asuba sai a ce masa ka yi Gwarmai da buhunan taki, da hantsi a ce an gan ka a Yako, kafin la'asar ka keta daji kana Daɗin Kowa. Shi ya sa na ce bari in buga ta a fili, ko Allah zai sa wani bakanike ya karanta maka lokacin da yake sauya maka baƙin mai.

Kafin ƙorafi, bari in fara da jaje, ko da ya zo a makare. Ban manta da abin da ya same ka a watan Janairun 2013 ba, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano da kewaye. Dare ɗaya A Daidaita Sahu ya haye kujerarka, ya cika tituna yana hura hanci. Ba ka ɗaukaka ƙara ba, ba ka kira 'yan jarida ba. Ka dai karkata kai ka nufi inda aka san darajarka. Birni ya ce ka fita, ƙauye ya shimfiɗa maka tabarma. In A Daidaita Sahu yana jin shi ma namiji ne, ya zo ya gwada hawan duwatsun Riruwai da damina mu sha kallo.

Abin da ya tayar da wannan wasiƙa shi ne labarin wani yanki mai tsaunuka a arewacin Biyetnam da ake kira Ha Giang. Can ne Turawa ke tasowa takanas ta Kano daga Faransa da Jamus da Ingila, su biya kuɗi a ɗora su a bayan danginka, a yi ta zagaya duwatsu da su kwana da kwanaki, suna ɗaukar hoto suna shewa. Na ce ikon Allah, ashe wahalar da muke sha kyauta, a wani wurin da dala ake sayenta. Tunda mu ma muna da namu duwatsun a gida, me zai hana mu ɗana? Sai na ɗaura ɗamara, na haye bayanka, muka yi kudu.

Tsakani da Allah ka nuna min ƙasa. Ka bi da ni ta Bagauda a ƙasar Bebeji, inda dam ya taɓa ɓallewa a 1988, inda kuma tsohon otal ɗin bakin tafki ya koma makarantar horar da lauyoyi. Ka tsaya da ni a Tiga na ga ruwan Kogin Kano da marigayi Audu Bako ya tare tsakanin 1971 da 1974, ruwa iya ganinka, masunta na ta shawagi a cikin komaye. Daga nan gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure ke sha, don haka duk mai cika baki da tumatir da shinkafar Kano ya san inda zai kai godiyarsa. Ka ratsa da ni ƙasar Kiru, gefen dajin Ɗansoshiya da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ware don tsugunar da makiyaya. A Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ke rabuwa da titin Zariya, ka sha mai na sha shayi, kowa ya samu abin da ya dace da cikinsa. A Tudun Wadar Ɗankadai kuwa shinkafa ce ta tare mu, wata a buhu, wata a shanye, wata a tukunyar turara.

Da muka doshi dajin Falgore na lura ka bar wasa. Ba wanda ya ce ka ƙara wuta, kai ka ƙara abinka. Daji ne da aka keɓe tun 1949 da sunan gandun Kogin Kano, daga baya ya zama gandun namun daji, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Birai na zaune a bakin kwalta suna kallon matafiya, matafiya kuwa ba su da lokacin rama kallo, kowa addu'ar da ya iya yake yi. Da muka fita ɗaya gefen sai ƙasa ta sauya fuska. Iska ta yi sanyi, itatuwa suka ƙara tsawo, masara ta shanye mutum a tsaye, duwatsu suka taso gaba da baya. Ga Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, a cikin tsaunukan da wasunsu suka haura mita 1,000. Mutanen garin suna narka kuza tun kafin Bature ya san hanyar wurin. Kamfanoni suka zo suka haƙa, kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, aka bar masu gari da ramuka da shebur da kwanon wanke ƙasa. Bahaushe da Bafulatani da Bakurme suna cin kasuwa ɗaya. In ka ɗauko ɗan Fagge ka rufe masa ido ka sauke shi a nan, sai ya rantse maka an fitar da shi daga jihar Kano.

Har zuwa nan ba ni da ta cewa sai sambarka. Matsalar ta soma ne da muka sauka daga kwalta muka kama hanyoyin ƙauyukan da ke bayan dutse. Mun iske wani rafi ya kawo, ruwa ja wur yana gudu da karare. Samari na tsaye a bakin gaɓa sun naɗe wando. Ɗaya ya ce, "Malam, kai kaɗai za a tsallakar ko har da babur?" Aka yi ciniki. Suka cusa maka leda a salansa, suka zura sanda, suka saɓa ka a kafaɗa suna laluben dutse da ƙafa, ruwa har ƙirji. Kai da ka saba ɗaukar mutane, ranar kai aka ɗauka, ban kuma ji ka ce uffan ba. A ƙetare aka kwance filogi, aka goge shi da gefen riga, aka hura masa iska da baki, aka mayar. Aka yi ta buga kik kana tari, sai da ka ga dama ka tashi.

Muna nan sai ga wani ɗan'uwanka ya iso da masara: buhu biyu a kariya an ɗaure su da robar tsohon tif, ɗaya a kan tanki, direban ya maƙale a ɗan abin da ya rage, haɓarsa a kan buhu. Bayansa ga wani ɗauke da mace mai naƙuda, an sa ta a tsakiya, wata dattijuwa ta riƙe ta ta baya tana ta "sannu, sannu, mun kusa," alhali ba su kusa ba. Wani tsoho da ke jiran a tsallakar da shi ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wurin wa ka zo?" Na ce, "Baba, ba wurin kowa, duwatsu na zo kallo." Ya ce, "Da kuɗinka ka sayi mai ka zo kallon dutse?" Na ce e. Ya jinjina kai ya ce, "To, Allah ya ba ka lafiya. In ka koma birni ka ce dutse na gaishe su, rafi ma yana nan inda suka bar shi."

Wannan ya kawo ni ga ƙararrakin da nake da su a kanka, guda uku.

Na farko, haƙurinka ya yi yawa har ya zama laifi. Babu inda ba ka shiga: taɓo, yashi, kwazazzabo, kan fa, turbar shanu. Saboda haka in aka tambaya a ofis, "Mota na zuwa ƙauyen nan kuwa?" sai a ce, "A'a, amma babur na zuwa." Shi ke nan an rufe fayil. Kai ne motar asibiti, kai ne motar amarya, kai ne babbar motar kai amfanin gona kasuwa. A bayanka malamin firamare ke zuwa aji, a bayanka akwatin allurar rigakafi ke shiga rugage. Akwatin zaɓe ma kai ke kai shi, kuma abin mamaki, bai taɓa ɓatan hanya ba, komai lungun da ƙauye yake. Kwalbati ne kawai da gada har yau suke ta tambayar kwatance. Ka zama zanen da masu mulki ke rufe tsiraicinsu da shi, kai kuma kana ganin kirki kake yi.

Na biyu, ba ka zaɓen fasinja. Yadda kake ɗaukar liman haka kake ɗaukar ɓarawon shanu, yadda kake kai ungozoma haka kake kai mai satar mutane. Kai da irin waɗannan baƙin naka kuka ɓata wa Falgore suna, har ta kai sojoji suka kafa sansanin horo a dajin. Yau ɗan kasuwa na naɗe kayansa tun rana da sauran tsawo don kada magariba ta riske shi a hanya, talaka mai neman halaliyarsa a kanka kuma shi ke shan tambaya a shingen bincike. Na san za ka ce kai ƙarfe ne, inda aka juya ka nan kake bi. Na ji, amma ai ka iya mutuwa a tsakiyar hanya ba dalili. Me ya sa sai ana sauri da marar lafiya kake nuna wannan gwaninta, ba ranar da ka ɗauko azzalumi ba?

Na uku, maganar ciki. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, abincinka ya fi na maigidanka tsada. A ƙauyen da ba gidan mai, 'yan bumburutu ke yanka farashi a kwalba, ba mai ce musu don me. Kuɗin fito da buhu daga gona zuwa bakin titi ya cinye ribar manomi tun kafin ya ga dillali. Don tsimin mai, direbobi sun koyi kashe inji a gangara su sake ka kana gudu da kanka, rai ya rataya a kan birkin da ya daɗe da cinyewa. Hular kwano kuwa sai dai a ji labarinta. Ga yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba an ba shi kai ya ɗauko ƙannensa. In ana neman wanda ya ci ribar wannan lamari, a leƙa zauren mai ɗori.

Da farko na yi niyyar ba ka shawarar ka tafi yajin aiki, sai na ga wanda zai fara shan wuya ba shi ne mai laifin ba. Don haka ga abin da nake roƙo. Ka aika goron gayyata ga duk mai hannu a kasafin kuɗin hanyoyi, tun daga kansila har sama. Kada su zo da rani, su zo a tsakiyar watan Agusta. Su ajiye motocinsu masu baƙin gilashi a Tudun Wada, kowa ya hau bayanka, a kan kariya, ba soso ba matashi. Ka bi da su duk inda ka bi da ni, kada ka kauce wa rami ko ɗaya, ka kai su bakin rafin nan su yi ciniki da samari da bakinsu. In sun sauka suna dafe da ƙugu, a miƙa musu takarda da biro. Abin da za su sa wa hannu ba shi da yawa: hanyar burji mai kyau, kwalbatoci da ƙananan gadoji a kan rafuka, ɗakin haihuwa kusa da jama'a, da tsaron da zai sa mutum ya ratsa daji ba tare da ya yi wasiyya ba.

In aka yi wannan, masu yawon buɗe ido ba sai an roƙe su ba. Ruwan Tiga da dajin Falgore da tsaunukan Riruwai sun isa su jawo baƙo daga ko'ina, samarin da suka san kowace turba kuma su ne za su zama 'yan jagora, su ci abinci da sanin ƙasarsu. Amma hanyar da mai naƙuda ba ta iya bi lafiya ba a gayyato baƙo ya bi ta don nishaɗi. A fara gyara wa masu gida tukuna.

Ranka ya daɗe, ka yi wa kudancin Kano abin da ba mai iya biyanka, Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage shi ne ka daina rufa wa masu mulki asiri, domin aikin da kake yi nasu ne, kuma lokaci ya yi da za su karɓi kayansu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani fasinja da ke jinyar ƙugu.