Yadda Ake Tsare Mai Cutar Siliyak Daga Ƙaunar Danginsa

Cutar siliyak, wadda masana lafiya ke ƙiyasta cewa tana samun kusan mutum 1 cikin kowane 100 a duniya, lalura ce da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya duk lokacin da ya ci gulutin, wato furotin ɗin nan da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rayi, furotin da kuma shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Idan gulutin ya isa ƙaramin hanji, sai garkuwar ta far wa ƙananan tsiron da ke jere a bangon hanjin, waɗanda aikinsu shi ne tsotse amfanin abinci, ta baje su, daga nan sai gudawa da kumburin ciki da ƙarancin jini da rama su biyo baya, yaro kuma ya tsaya cak bai ƙara tsawo ba. Maganinta ɗaya ne tak, shi ne barin gulutin har ƙarshen rayuwa. Likita kan kammala wannan bayani kafin shayi ya huce, sauran shekarun kuwa ana cinye su ne wajen fama da dangi, kuma wannan fannin ne littattafan asibiti suka bari babu sharhi.

Matakin farko shi ne gwaji, wanda akan fara da awon jini, sannan a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a tsakuro ɗan fatar hanji a duba. Sharaɗinsa shi ne kada a janye wa mara lafiya alkama kafin a yi shi, domin hanji kan fara warkewa sakamakon ya fito da ƙarya. Ya kamata iyali su mori makonnin jiran gwajin sosai, saboda su ne kaɗai lokacin da umarnin likita da ra'ayin Gwaggo, mai son a bar yaro ya ci komai, za su taɓa zuwa ɗaya. Bayan sakamako ya fito, akwai labari na biyu da ya fi kyau a jinkirta shi sai an gama cin abincin dare: cutar tana bin jini, kuma kusan 1 cikin 10 na iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya na mai ita suna ɗauke da ita. Maigida da ya shekara ashirin yana ɗora alhakin cikinsa a kan basir da olsa, alhali kullum da burodi yake karya kumallo, ba ya cikin mutanen da ke karɓar irin wannan albishir da fara'a.

Daga nan sai shari'a a gaban Kaka, wadda za ta saurari komai cikin natsuwa sannan ta yanke hukunci cewa wannan ciwon Turawa ne, yaron nan sanyi ne ya kama shi. Uwar yaro tana iya kawo tarihi, ta ce wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa a yunwar da ta afka wa ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da burodi ya yi ɓatan dabo, yara masu wannan cuta sun murmure, da burodi ya dawo kuma suka sake kwantawa, ya kuma gabatar da bincikensa a 1950. Sai dai wannan hujja tana ƙarfafa wa Kaka gwiwa ne, tunda ga Bature a cikinta. Wadda ta fi amfani ita ce binciken da aka wallafa a 1999 a kan yaran Yammacin Sahara da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda aka sami cutar a jikin kashi 5.6 cikin ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Ko a nan ɗin ma kada a sa rai da nasara, domin Kaka za ta ce, "Haba 'yar nan, mu a zamaninmu wa ya san wani siliyak?"

Mai hikima ba ya musanta wannan magana, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A zamanin Kaka tuwon dawa ake ci da dare, a ɗumama shi da safe, a sha furar gero da rana, alkama kuwa sai ranar salla ko biki take fitowa a matsayin funkaso da alkaki da taliya 'yar murji, saboda haka ko akwai mai cutar ba kullum take samun abin da zai tayar da ita ba. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca da wake da rogo da doya duk babu gulutin a cikinsu, har ma accan nan da ake rainawa ana ƙulla ta a leda mai ƙyalli a kantunan Turai da Amurka a sayar da tsada saboda wannan dalili. Dabarar da ta fi kowace aiki ita ce a shaida wa Kaka cewa likita ya hana jikanta abincin zamani, ya mayar da shi kan girkinta. Daga wannan rana an yi sabuwar 'yar sanda a gida, wadda ba ta karɓar albashi kuma ba ta barci da wuri.

Babbar matsala ita ce bambancin ma'auni. Hukumar tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, wadda ake kira Kodes, ta iyakance cewa abincin da za a ce babu gulutin a cikinsa kada ya wuce miligiram 20 a kowane kilo, adadin da ɓurɓushin burodi ke iya ƙetarewa. Ma'aunin Gwaggo kuwa shi ne loma, kuma a ilimin Gwaggo loma ɗaya ba ta taɓa kashe kowa ba. Gardamar tana da wuyar ci, saboda mai siliyak ba ya faɗuwa nan take a gaban shaidu. Wani sai bayan sa'o'i ciki zai murɗa, wani kuma ba zai ji komai ba alhali hanjinsa na lalacewa. A wannan ta sha bamban da borin jini na gyaɗa, wanda cikin mintuna yake kumbura leɓe ya toshe numfashi har ya iya halaka mutum, ta kuma bambanta da rashin jure madara, wanda ke tsayawa a ƙugin ciki da gudawa. Ana dai samun mai siliyak da madara ke damunsa a farko, domin sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan tsiron hanjin nan yake, kuma sau da yawa abin yakan wuce idan hanji ya farfaɗo. Ƙanin da ya wayi gari ya gano cewa shi ma jikinsa bai yarda da miyar kuka ba, amma yana jure nama, lalurarsa ba ta buƙatar asibiti.

Sai binciken wuraren da alkama ke ɓuya, aikin da ke mayar da uwargida mai tuhumar kowa. Tuwon semo alkama ne duk da ya ari sunan tuwo, ɗanwaken yanzu galibi da fulawa ake kwaɓa shi, masu waina da yawa kan barbaɗa fulawa a ƙullu, lemon malt kan ƙunshi sha'ir, wasu ɗunƙulen miya kuma akwai alkama a jerin kayan haɗinsu, wanda aka rubuta da haruffan da sai an fita rana ake iya karantawa. Man da aka soya fanke a ciki ya haramta wa ƙosai, haka rariyar da ta tankaɗe fulawa, haka muciyar katako da ta tuƙa semo. Gidan niƙa shi ne babban tarko. Yaron inji zai karɓi geron da aka wanke aka shanya, ya ɗauki guntun ƙarfe ya bubbuga mazurari sau biyu, farin gari ya zubo daga lungu, ya hure bakin injin ya ce, "Hajiya, fes yake," alhali alkamar bikin maƙwabta ce ta fita daga cikinsa yanzun nan. Gidan da ya ɗauki lamarin da gaske yakan koma ga turmi da taɓarya ko ya sayi ƙaramin injin da ba ya zuwa aro, ya kuma shirya jin cewa ya fara girman kai.

Game da biki, inda ake jera alkaki da dubulan da cincin a fanteka kuma ƙin ci ke daidai da yanke zumunci, ƙa'idar a taƙaice take: a ƙoshi daga gida, a karɓa da hannu biyu, a yi godiya, a ƙulle a ce za a ci a gida, inda sauran yara ke jiran wannan sadaukarwa.

Lokaci mafi haɗari yana zuwa ne bayan 'yan watanni, sa'ad da gudawa ta tsaya, jini ya dawo, kumatun yaro suka cika. A nan ne dangi za su taru su tabbatar cewa ya warke, su danganta warakar ga jiƙon da Gwaggo ta kawo daga ƙauye, su kuma yanke shawarar yin walimar godiya, wadda bisa al'ada ba ta cika sai da gurasa. Tunda cutar tana nan daram, kuma lafiyar da ake gani sakamakon rashin cin alkamar ne, ana shawartar uwar yaro ta yi na'am da walimar, ta karɓi aikin abincinsa da kanta, ta kuma zaunar da shi kusa da Kaka, nesa da Gwaggo, har a watse.