Masu Sayen Wahala da Kuɗinsu: Wasiƙa Zuwa Jiga Birni

Edinbara, Sikotilan.

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu tun kaka da kakanni,

Da fatan albasar bana ta yi kai, kuma dillalan Aliero ba su sake yi maka wayo ba, ko da yake wannan addu'a ce mai wuyar karɓuwa. Ka aiko kana tambaya, tunda mutanen Edinbara ba sa noma da hannu, ba sa dako, ba sa jan ruwa a rijiya, ina suke kai ƙarfin da Allah ya ba su. To, wahala suke saye da kuɗinsu, kuma akwai kamfanoni masu rajista waɗanda ba su da wata haja sai ita. Kafin ka kece da dariyar nan taka mai firgita kaji, bari in gama magana, domin so nake in nuna maka cewa su ne masu wayo, mu ne aka bari a baya, alhali kayan sana'ar duk a hannunmu suke.

Ga yadda abin yake. Mutum biyu ko uku ko huɗu za su haɗa ƙungiya, kowa ya biya kuɗin shiga, a manna masa lamba a ƙirji, a miƙa musu taswira, a sake su cikin gari. Su yi gudu suna neman wuraren da aka ɓoye alama, su hau keke su ratsa unguwanni, su shiga wani siririn kwalekwale su yi ta tuƙi a mashigin ruwa, a hau da su saman bene ko gada a ɗaura musu igiya a ƙugu su sauko suna lilo. A kowane zango akwai 'yar na'urar da za su taɓa don a shaida sun iso. Ka dubi wanda ya kai ƙarshe: akanta ne ko lauya, mai mota da gida, ga shi caɓa-caɓa da laka har kunne, gwiwa a ɗaye, haƙora na kaɗawa, an lulluɓe shi da wani mayafi mai ƙyalli don kada sanyi ya gama da shi, an miƙa masa ayaba guda da 'yar lambar ƙarfe a wuya. Murna yake har da hawaye, yana neman wanda zai ɗauke shi hoto ya sa a Facebook.

A daji aka fara wannan harka. A 1989 wani ɗan jarida Bafaranshe, Gérard Fusil, ya shirya tseren Raid Gauloises a Niyuzilan, inda ƙungiyoyi ke kwana da kwanaki suna ratsa duwatsu da koguna. Wani ɗan Ingila, Mark Burnett, ya shiga, ya hango kuɗi a ciki, ya kafa nasa mai suna Eco-Challenge a Amurka a 1995, ya sayar wa gidajen talabijin. Shi ne daga baya ya shirya The Apprentice, shirin da ya ƙara fito da Donald Trump, ka ga ke nan mutumin ya daɗe da sanin abin da jama'a ke son kallo. A wanda aka yi a tsibiran Fiji a 2019, ƙungiya 66 ce ta fito daga ƙasa 30, tafiyar kilomita 671, an ba su kwana 11, ba na'urar nuna hanya sai taswira da kamfas. Kowace ƙungiya mutum huɗu, dole da maza da mata a ciki, kuma in ɗaya ya sare, duka huɗun sun fita. Da aka lura ba kowa ke da kuɗin jirgin zuwa irin waɗannan wurare ba, sai aka ɗauko dajin aka kawo cikin birni. A nan Edinbara kamfanin Rat Race ya fara nasa a 2004, daga nan ya bazu zuwa wasu biranen Birtaniya.

Yanzu ka leƙa ƙofar gida ka faɗa mini wanne ne babu a wajenmu. Saurayin Jiga Birni ko Jiga Maƙera yana sallar asuba ya ɗaure injin ban ruwa a bayan keke, ya yi ta fama da rairayi har fadama, inda keken ya ƙi tafiya ya sauka ya tura. Ya wuni a duƙe yana dashe. Lokacin cira ya ɗauki buhun albasar da ya fi shi nauyi, ya taka katako ya hau da shi bayan tirela, ya dawo ya ɗauki wani, sannan ya haye can ƙololuwar lodi ya ja igiya ya ɗaure, ba hular kwano, ba wanda ke riƙe da shi sai Allah. Saukowa da igiya kuwa, a tambayi masu yasar rijiya, waɗanda ke zurma cikin duhu da igiyar da ba wanda ya taɓa gwada ƙarfinta. Tuƙin kwalekwale, ga Gulbin Gindi nan a Jega idan ya kawo da damina. Gane hanya, ka sa makiyayi ya fito daga Mungadi da dare ya nufi Andarai, ka ga ko zai nemi kamfas. Hatta asibitin tseren muna da shi, domin masu ɗorin Aliero sun yi suna har a ƙasashen maƙwabta, kuma karaya da targaɗe da gocewar ƙashi su ne abincin wannan wasa.

Kada kuma ka ce haɗa wasanni iri-iri a gasa ɗaya baƙon abu ne a ƙasar Kabi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ba jefa homa a Matan Fada kaɗai ake yi ba. Akwai Kabanci, inda ake tseren jirage da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, ga kokawa da dambe a tudu. A 2020 wanda ya kamo giwan ruwa mai kilo 78 ya koma gida da miliyoyin naira da mota da kujerar Makka. A Yauri ma ga Rigata. Tun kafin a haifi Mark Burnett muke wannan abu, shi dai ya riga mu sanin inda ake sayar da tikiti.

To me suka ƙara a kai wanda ya mayar da wahala wasa? Sun yi mata iyaka, an san inda ta fara da inda za ta ƙare, kuma wanda ya gaji yana iya ɗaga hannu a zo a ɗauke shi. Sun rubuta sunan wanda ya sha ta da mintocin da ya ɗauka. Mafi girma duka, sun kewaye ta da kariya. Ba a barin kowa ya hau keke ba hular kwano, ba a barin kowa ya shiga kwalekwale ba rigar ceto, igiyar da za a sauko da ita sai ƙwararre ya duba ta, ga motar asibiti a gefe, ga inshora. Ƙarfin namu ya fi nasu, na rantse ɗan dakon tashar Jega zai ɗauki akantan nan da kekensa ya kai su ƙarshen tsere bai yi haki ba. Amma shi akantan ana ƙirga wahalarsa ana tsaron ransa, ɗan dakon kuwa ba mai ƙirgawa, ba mai tsaro. Abin da ya kamata mu kwaso daga wajensu ke nan, ayabar su riƙe abinsu.

Na san abin da za ka fara cewa: ƙoshi ne ke damunsu, wanda ya ci ya yi nak shi ke neman abin da zai kayar da shi. Da gaskiyarka ta wani gefe, amma gudun nan da suke yi gudun ceton rai ne. Tun a 1953 wani likita a Landan, Jerry Morris, ya bincika ma'aikatan bas-bas masu bene, ya gano cewa direbobin da ke wuni a zaune sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala. Ka isar wa yaran mota wannan albishir, su daina hassadar direba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma a lissafinta na 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba sa cika wannan. Kujera ce ke cinye mutanen nan, shi ya sa suke biya a kore su daga kanta. Kuma kujerar ta kamo hanyar gida. Tafiyar da iyayenmu ke yi a ƙasa zuwa Sabiyal ko Ɗanwarai yau ba mai yin ta sai a babur, hawan jini da ciwon suga sun zama hirar majalisa, kai kanka hotonka na Sallah ya nuna tumbin ya riga ka shiga masallaci.

Sai ka juya ka ce, to ai manomi da ɗan dako sun huta, tunda kullum cikin motsa jiki suke. A nan ma ba ka tsira ba. Masu bincike a Kofanhagan ta ƙasar Danmak sun bi dubban mutane shekara da shekaru, suka ga motsa jikin nishaɗi yana rage haɗarin ciwon zuciya, amma aikin ƙarfi na neman abinci ba ya ba da wannan riba, wani lokaci ma ƙara haɗarin yake. Dalilin a fili yake. Mai tsere yana wahalar yini guda ya huta mako, ya ci mai kyau, likita ya duba shi. Mai buhu yana sauke na yau gobe na jiransa, ciwon baya ko babu, har ranar da bayan zai ƙi miƙewa. Don haka idan na ce a shirya gasa a gida, ba ina nufin a ƙara wa mai wahala wahala ba ne. Nufina a ware rana ɗaya da za a biya shi don abin da ya iya, a kira sunansa a lasifika, a auna jininsa kyauta kafin ya fara, wanda wataƙila shi ne awon farko a rayuwarsa.

Hujjarka mai nauyi ita ce ta ruwa, kuma a nan zan ajiye wasa. Ba wanda ya manta Mayun 2021, lokacin da jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mafi yawansu ba su fita ba. Allah ya jiƙansu. Mai hankali zai ce, jihar da ke binne mutanenta saboda jirgi ina ita ina tseren kwalekwale? Ni kuwa a ganina wannan ne babban dalilin yin sa. Rigar ceto ba ta shiga jirgin kasuwa saboda ana ganin ta kayan matsorata ce, kuma wa'azin jami'ai a bakin gulbi bai canja wannan ba. Ranar da yara suka ga gwanin tuƙi na gari, ɗan Sarkin Ruwa, ya ci gasa sanye da ita, kuma aka kori wanda ya fi shi sauri don ya ƙi sawa, ranar ce za ta fara daraja. Rigunan kuma ba za su koma Birnin Kebbi bayan biki ba, a bar su a mashaya. Faransa ta kashe kusan Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace kogin Seine na Faris, wanda aka hana wanka a cikinsa a 1923, don gasar Olamfik ta 2024, kuma duk da haka sai da aka ɗage tseren maza mai haɗe da ninƙaya da kwana ɗaya saboda ƙazantar ruwa. Gasa ce ta tilasta musu gyaran da suka shekara ɗari suna ɗagawa. Mu riguna ɗari biyu kawai muke nema.

Saura maganar mutunci, wai magidanci da gemunsa ya sa gajeren wando yana gudu a gaban surukai. Ɗan kokawa da ɗan dambe me suke sawa, kuma wa ya taɓa fasa ba su mata? A yi wando har ƙasan gwiwa, magana ta ƙare. Dokar haɗa maza da mata a ƙungiya kuwa tasu ce, ba sai mun ɗauko ba, ko da yake duk wanda ya ga macen da ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai abinci gona da goyo a baya, ya san wa zai zo na ɗaya in an buɗe fili. Zafi, a yi da hunturu. Tsaro, gaskiya ne ba Baturen da zai sayi tikiti yanzu, sai hanyoyi sun yi lafiya, amma ba don shi za a fara ba. A yi da rana tsaka, a tsaya inda aka sani: a tashi daga kasuwar Jega da gudu, a tuƙa a gulbi, a hau keke zuwa Aliero, a ɗauki rabin buhun albasa a kai ƙofar jami'a. Ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha su riƙe agogo da rajista, 'yan kasuwar albasa su sa kyauta, Maiyama ta kawo ƙungiyoyinta, masu ɗori su shimfiɗa tabarma a gefe.

Kai kuma na riga na zaɓa maka aiki daidai ƙarfinka, za ka zauna a inuwa a zango na ƙarshe kana miƙa wa mutane ruwa, in ma hakan ya yi maka yawa a samo yaro ya taya ka. Ka gaishe da Inna da Kawu da dukan mutan gida, ka ce wa Liman ina neman addu'a, sanyin garin nan ba na wasa ba ne. Batun kuɗin shara kuma kada ka sake aiko mini da saƙon murya a kansa, sai ka kai maganar gasar nan gaban hakimi ka turo mini amsarsa.

Wassalam,
Ubangidanka na Edinbara.