Ranar da Sefa Ta Faɗi a Wayar Kawu Kaɗai

Kawuna ɗan canji ne a bakin iyakar Illela da Birnin Ƙonni, kuma tun asuba wayarsa ba ta hutawa. "Alhaji, nawa sefa yau?" Masu shanu su tambaya, masu albasar Galmi su tambaya, har wanda ko dala ba shi da ita sai ya kira ya ji.

Na ce, "Kawu, bar wannan wahala, akwai dabara." Na kafa masa sabar hira mai suna Prosody, wadda ke aiki da tsarin XMPP, jikan Jabber da Jeremie Miller ya fitar a 1999. Aikinta irin na sanƙira ne: ka faɗa mata sau ɗaya, ita ta kai wa duk wanda ya yi rajista. Kai dai ka tura farashi ta HTTP, hanyar da ake buɗe shafukan intanet da ita. In ta amsa da lamba 200, saƙo ya shiga.

Daren Asabar na zauna gwaji, na rubuta dubun sefa naira hamsin. Shiru, babu 200, don sabis ya ɗauke, wayata tana ta laluben layin Nijar. Na kwanta abina. Ashe 'yar manhajar da ke tura saƙon daga wayata tana da naci, ba ta haƙura. Can cikin dare sabis ya dawo, ta tura.

Lahadi kuwa ranar kasuwa ce. Kafin Kawu ya gama shan koko, ƙofar gida ta cika. Wani dattijo ya zo da naira cike da buhun taki, ya zauna a kai yana jan carbi, ya ce shi ne na farko a layi. Wani ya taho tun daga Gwadabawa a kan babur, da hular sanyi.

Na goge saƙon daga sabar, amma ina! Kowa ya riga ya ɗauki hotonsa.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, shi Prosody ɗin nan ɗan gidan wa ne? Kira min ubansa."

Tun ranar ya miƙa min wayarsa. Yanzu ni ke amsa "nawa sefa yau", ba albashi. Mai son farashi ya kira, amma don Allah bayan sallar asuba.